Ba talauci kaɗai ke kashe zumunci ba

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, sai ka ji ana cewa zumunci ya mutu, kowa ta kansa yake yi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ban yarda a ɗora wa talauci laifin duka ba.

Idan bala'i ya faɗo lokaci guda, kamar ambaliya ko girgizar ƙasa, mutumin da ya shekara ba ya ga-maciji da maƙwabcinsa shi za ka tarar yana tonon ɓaraguzai da hannu don ciro ɗan maƙwabcin. Masifar ta shafi kowa, kuma kowa ya gani da idonsa. A Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta fara rabon abinci da kati a 1940, har gidan sarauta sai da kati. Mutane suka jure, bayan yaƙi kuma, a 1948, aka kafa tsarin kiwon lafiya na NHS don mai kuɗi da talaka.

Matsin tattalin arziki kuwa gara ce, a ɓoye take ci. Ma'aikacin da ya saba ɗaukar nauyin dangi sai ya fara kashe waya idan wata ya ƙare. Za a ce rowa ce ta kama shi, alhali sau da yawa kunyar cewa babu ce. Shi kuma mai kiran sai ya ƙullace shi, kowa ya ja jikinsa.

Abin da ya faru a Ajantina ya fi komai jan hankalina. A Disambar 2001 gwamnati ta hana mutane cire fiye da peso 250 a mako daga asusunsu. Maimakon su watse, sai suka cika kasuwannin musaya: mai aski ya yi aski, a biya shi da wata takardar da 'yan kasuwar suka buga da kansu, ya sayi abin da yake buƙata da ita. Ma'aikata suka karɓe masana'antun da masu su suka rufe, suka ci gaba da gudanar da su. Amma a 2002 takardun jabu suka yi yawa, darajar takardar ta faɗi, yawancin kasuwannin suka mutu. Talaucin yana nan yadda yake. Amana ce ta tafi.

Shi ya sa nake murmushi idan shugabanni suka ce a ƙara haƙuri, ana tare. Talaka yana iya ɗaure ciki idan ya ga na sama ma ya ɗaure. Da zarar ya fahimci shi kaɗai ke biya, zai kulle ƙofarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Su kansu ƙasashe haka suke. Lokacin korona, maƙwabta na yi wa tsofaffi sayayya suna ajiyewa a bakin ƙofa, ita kuwa Kanada ta riga ta yi odar rigakafin da ya ninka yawan jama'arta, ƙasashen Afirka na zaman jira.