Abin da ya sa yaƙin Iraƙi bai kayar da Tony Blair ba

A watan Afrilun 2005, ana saura 'yan makonni a yi babban zaɓe a Birtaniya, yayana ya kira ni daga Kano yana tabbatar mini cewa Firaminista Tony Blair ya gama yawo. Hujjarsa a fili take: mutumin da gwamnatinsa ta ce Saddam Hussaini na da makaman ƙare dangi da za a iya harbawa cikin minti 45, ya bi Amurka aka afka wa Iraƙi a watan Maris na 2003, aka kuma laluba ƙasar ba a samu komai ba, da wace fuska zai sake neman ƙuri'a? Na ce masa, "Yaya, a bi a hankali, lissafin mutanen nan ba irin namu ba ne."

Fushin jama'a kam babu tantama a kansa. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 kimanin mutum miliyan ɗaya suka cika titunan Landan suna adawa da yaƙin, Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a majalisar ministoci, sannan 'yan majalisa 139 na jam'iyyar Labour suka bijire wa shugabansu. Ni da nake zaune a gabashin Landan, duk Juma'a idan aka sallame a masallacin da ke Whitechapel, sai na tarar da samari 'yan asalin Bangaladash a bakin ƙofa suna raba takardun George Galloway, ɗan takarar majalisa mai adawa da yaƙin, babu kuma hirar da ake yi sai ta Iraƙi.

Abin da yayana bai lura da shi ba shi ne tsarin zaɓen. A Najeriya kowa na dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa kai tsaye, shi ya sa a 2015 takaicin Boko Haram da sace 'yan matan Chibok ya sauka a kan Goodluck Jonathan shi kansa. A nan kuwa, mutanen mazaɓar Sedgefield kaɗai ne suka ga sunan Blair a takardar ƙuri'a. Sauran jama'a ɗan majalisar yankinsu suke zaɓa, wanda wataƙila ma shi ya ƙi yaƙin. Ga shi kuma Michael Howard, jagoran babbar jam'iyyar adawa ta Conservative, ya goyi bayan mamayar, don haka mai fushi ba shi da inda zai kai kukansa sai wurin jam'iyyar Liberal Democrats ta Charles Kennedy da ta ƙi yaƙin, wadda kowa ya san ba za ta kafa gwamnati ba. Tattalin arziki kuwa na tafiya daidai a hannun ministan kuɗi Gordon Brown, Bature kuma ba ya wasa da aljihunsa.

Ranar 5 ga Mayu Labour ta ci da kusan kashi 35 cikin ɗari na ƙuri'u, rinjayenta a majalisa ya zube daga 167 zuwa 66. Galloway ya kayar da Oona King, 'yar majalisar Labour da ta goyi bayan yaƙin, da ratar ƙuri'u 823. A ganina hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai idan aka dubi rayukan da suka salwanta a Iraƙi, sai dai raunin da Blair ya ji ne ya ba 'yan jam'iyyarsa damar matsa masa lamba har ya sauka a watan Yunin 2007. Da na kira yayana a daren da Blair ya sauka, cewa ya yi ai dama ya faɗa mini, shekara biyu kawai aka yi masa jinkiri.