Kafin APC akwai shekara arba'in a sama

Jiya da daddare a majalisarmu ta Wunti nan Bauchi aka taso da zancen Iya Mashal Sadik Baba Abubakar, wani yaro ya ce ai shi ɗan takarar gwamnan Bauchi na APC ne da ya sha kaye a hannun Kaura, wato Bala Mohammed, a 2023, shi ke nan abin da ya sani kenan. Wallahi raina ya sosu. Ba wai don ina goyon bayansa a siyasa ba, ni ban ma zaɓe shi ba, amma a ce mutum ya yi sama da shekara arba'in yana aikin sojan sama, sai a taƙaita shi da akwatin zaɓe ɗaya?

Haifaffen Azare ne, 1960. Ya shiga sojan sama a 1979, matuƙin helikwafta ne, irin Mi-35 ɗin nan na Rasha da ke tashi ƙasa-ƙasa kusa da wuta, ba mai shawagi can sama a sanyaye ba. Buhari ya naɗa shi Hafsan Sojin Sama a Yulin 2015, lokacin da Boko Haram ke cin karenta babu babbaka, ya riƙe har Janairun 2021. Bayan nan aka tura shi jakada Chadi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne horas da matuƙa. Jirgi ana saye da kuɗi, amma matuƙi sai an yi shekaru ana gina shi. A zamaninsa ne a Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffike, wato alamar kammala horon matuƙi, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya, rana ɗaya da marigayiya Tolulope Arotile mai helikwaftan yaƙi wadda ta rasu a Kaduna a 2020. Jiragen Super Tucano goma sha biyu da aka biya Amurka kusan dala miliyan 496, a lokacinsa aka ƙulla cinikin, sai dai sun fara sauka a Yulin 2021 bayan ya bar kujera, wani ya sha yabon. Mu nan Bauchi kuma ga rundunar ayyuka na musamman da aka kafa mana, ga asibitin sojan sama da har farar hula ke zuwa.

Amma fa ba zan ɓoye Rann ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a garin Rann da ke Kala Balge ta jihar Borno, mata da yara da ma'aikatan agaji suka mutu, mutanen da suka gudo wa Boko Haram sai ga mutuwa ta sama. An ce kuskure ne. To ko kuskure ne, shi ke shugabanci, nauyin yana wuyansa, kuma duk mai yabonsa ya tsallake wannan bai yi wa mamatan adalci ba.

Na tambayi yaron nan ko ya san yadda ake shiga NDA, makarantar horas da hafsoshin soja ta Kaduna, ya ce ai sai ɗan wane da wane. Na ce masa ya zo shago gobe da sakamakon WAEC ɗinsa mu duba Lissafi da Fiziks ɗinsa tukuna.