Injiniya da Ƙwan Katako

Injin da na yi odarsa daga China sunansa 3018, saboda iyakar filin aikinsa santimita 30 ne a 18. Ƙaramin injin sassaƙa ne na CNC: ka zana abu a kwamfuta, ka ɗaure katako a kan faifansa, ya yanka maka. Tun kafin ya iso na gama shelanta wa gida cewa zamanin kafintoci ya wuce, domin wannan abu lissafi yake bi, ba ya san zato. Uwargida ta ce to madalla, a fara yi mata matasan kofin shayi, zagayayyu, guda shida.

Na je 'Yan Katako a Na'ibawa na sayo guntayen katakon MDF, na zana da'ira mai faɗin milimita 100, na danna. Injin ya yi ta kuka, ɗaki ya turnuƙe da ƙura, yara suka cika taga. Da na ɗago abin da ya yanka, uwargida ta juya shi a hannu ta ce, "Maigida, da'ira na ce, ban ce ƙwai ba." Na ce idonta ne. Ta miƙo min kalifa, abin awon kauri da faɗi. Ta tsaye 100 cif, ta kwance 97.

Nan fa na gyara zama, don irin wannan matsala ita nake jira in nuna ilimi. Moton da ke jan injin ba gudu yake yi ba, taku yake yi, kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 a zagaye ɗaya. Allon da ke sarrafa shi yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Rodin mai tiredi kuma yana matsar da kan injin milimita 4 a kowane zagaye. Ka raba, ka sami taku 800 a milimita ɗaya, kuma lambar da ke rubuce ke nan a manhajar injin, GRBL, a saitin da ake kira $100, mai kula da tafiyar kwance. Na yi wa uwargida wannan bayani daki-daki har ta tashi duba tukunyar da ba ta ɗora ba. Sai na ninka 800 da 100, na raba da 97, na sami kusan 825, na rubuta, na ce an gama.

Ƙwai na gaba ya fito 102. Na bayansa 96. Wani ma bakin yankan bai dawo inda ya fara ba, ya bar ɗan tudu a gefe. Duk wanda ya san injin zai ce maka idan lambar taku ce ba daidai ba, kuskuren iri ɗaya yake zuwa kullum, ba ya canza ra'ayi tsakanin Azahar da La'asar. Ni ma na san haka. Amma mai guduma a hannu ƙusa kawai yake gani, sai na ci gaba da juya lamba.

Daga nan masu ba da shawara suka fito. Ƙanena ya ce wutar NEPA ce ba ta da ƙarfi, muka tada janareto, ƙwai ya fito. Ya ce to janareton ne, muka aro sitabilaiza, ƙwai ya fito. Wani abokina ya ce ta waya wataƙila injin yana karanta inci ne a maimakon milimita, wato G20 a wurin G21. Na ce masa inci ɗaya milimita 25.4 ne, da haka ne da injin ya nemi yanka min da'irar da ta fi mita biyu da rabi, da yanzu yana cikin ɗakin maƙwabta. Inna kuwa da ta leƙo cewa ta yi ɗakin nan dama tun da ba a cika son zama cikinsa da magariba ba, a sa turare.

Ƙarar ce ta jawo Baba, kafintan da ke da rumfa a bakin layinmu, wanda labarin shelar da na yi ya riga ya kai masa. Ya yi sallama, ya dubi ƙwayayen da aka jera a kan tabarma, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Kaji ka fara kiwo?" Na fara yi masa bayanin taku 800. Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya sa yatsa biyu ya riƙe rodin, ya ce in sa injin ya matsa. Sai ya ciro biro daga bayan kunne, ya ja layi ɗaya daga sandar moto zuwa kan ɗan mahaɗin alminiyon da ke haɗa ta da rodi. Ya ce a kai shi dama, a dawo da shi hagu. Da injin ya tsaya, layin ya rabu biyu, rabi na kallon sama, rabi na kallon bango.

Ɗan sukurun da ke matse mahaɗin ne ya saki, abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Moto yana juyawa, mahaɗi yana sulɓewa duk lokacin da katako ya yi tauri ko aka juya akala, rodi yana bin abin da ya samu. Kwamfuta kuwa ba ta da labari, domin irin wannan inji ba shi da abin da ke gaya masa inda yake. Taku kawai yake ƙirgawa, in ya kai adadi ya rantse ya iso. "Mai lissafi ne," in ji Baba, "amma makaho ne."

Saura a matse. Alankin da ya zo da injin, wato ɗan ƙarfen matse sukuru, yana cikin kwalinsa, kwalin kuma uwargida ta ba 'yan gwangwan tun makon da ya wuce, an ba ta roba. Baba ya aiki yaronsa rumfa ya kawo masa gwangwanin madara cike da alanki, ya zaɓo ɗaya, ya juya sukurun har ya zauna a kan shafaffen gefen sandar moto, ya matse. Muka sake yanka, kowa ya yi shiru. Ya fito 103. Muka sake, 103. Baba ya dube ni, na dubi rufi, don 825 ɗin nan tana nan daram a $100. Na ce bari in duba wani saiti na masana, na juya masa baya na mayar da 800. Da'ira ta fito da'ira, yara suka yi tafi, Inna ta ce turaren ne.

Na tambayi Baba nawa zan biya. Ya ce haba Injiniya, tsakaninmu ba kuɗi, sai dai in sassaƙa masa allon suna na rumfarsa, ƙafa huɗu, da rubutu manya. Na ce masa a hankali cewa injin ba ya wuce santimita 30. Ya buɗe tef ɗinsa ya duba, ya ga ko ƙafa ɗaya bai cika ba. Ya naɗe tef, ya mayar da biro bayan kunne.

"To bar shi kawai," ya ce. "In jikata ta tashi yi wa 'yar tsanarta gado zan turo ta."