Maganin Gona Ba Na Cikin Doki Ba Ne

Kwana uku kafin hawan sallah, a wani ƙauye kusa da Ringim, na ga kilin ingarma yana karkarwa a turke, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala daga bakinsa. Mai shi ya ga yana ramewa, aka ce masa tsutsar ciki ce, sai ya ɗiga masa fiya-fiya a ruwan dusa. Dokin bai kai la'asar ba. Har yau abin yana ci mini rai, domin mutumin nan ya fi kula da dokinsa a kan kansa.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujja: ai tsutsar tana fita. Gaskiya ne, har an taɓa yin maganin dawaki da dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, amma haɗi ne na musamman mai narkewa a hankali. Na kwalba an yi shi ne don ƙwari. Jijiyoyi yake kamawa, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya zauna ke nan. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper, wani maganin ƙwari mai dichlorvos, a kasuwanni, amma ire-irensa na nan a teburan 'yan magani ranar kasuwa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne amitraz, maganin kaskar shanu. Makiyayi zai yi wa saniya wanka da shi lafiya lau, maƙwabcinsa ya ara ya wanke doki, hanjin dokin ya tsaya cik, kashi ya ƙi fita, ciki ya kumbura.

Alhali magani na nan: ivermectin ko fenbendazole na dawaki, wanda ake matsawa a baki. Da nauyin doki ake auna shi, ba da ido ba, don ragin awo shi ke sa tsutsa ta gagari magani. A kai kashin dokin asibitin dabbobi a duba tukuna. Wata ramar ta haƙori ce ko ƙarancin harawa. A riƙa kwashe kashi daga barga, a kuma tambayi mai harawar wake yaushe ya yi feshin ƙarshe.

In kuwa an riga an ba doki gubar, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A kira likitan dabbobi nan take, in gubar ta fiya-fiya ce ya zo da allurar atropine, a ajiye masa kwalbar ya karanta.