Ku 'yan dirama da ku ustazan jami'a, ku matso mu yi magana

Wani ƙanina a unguwarmu ya samu admishan bara, aka ba shi kwas ɗin wasan kwaikwayo. Da ya koma gida Baba ya ce me aka ba ka, sai ya ce Tiyata. Wallahi tsohon nan har goro ya raba a masallaci, shi a zatonsa ɗansa zai zama likitan da ke yi wa mutane aiki a asibiti, yaron kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Na yi dariya har da hawaye, amma daga baya abin ya tsaya min a rai, don ba shi kaɗai ba ne.

Ƙannena masu karanta dirama, wai kunyar me kuke ji ne? Tashen da muka taso muna yi daga goma ga azumi, ka manna gemun auduga ka ɗauki sanda kana rangaji, ko a ɗaura wa gwauro igiya a zaga gari da shi, in ba wasan kwaikwayo ba mene ne? A ABU Zariya tun shekarun 1970 ake wannan karatu, har da dandalinsu na ginin ƙasa da ake ce wa Drama Village, kuma ɗalibai kan shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo su zauna da manoma su ji abin da ke damunsu, rijiya ce ko taki ko asibiti, sannan a haɗa wasa tare da mutanen garin, a tsayar da shi a tsakiya a ce to jama'a in ku ne ya za ku yi? Wannan aikin ba na 'yan iska ba ne. BUK ma tana da sashen.

Amma fa ku ma kuna da naku laifin, kuma shi ne ya fi ci min rai. Mutum ya zauna rubuta labari kan saki da gado da takaba, ko Ahalari bai sauke ba balle Risala. Sai ka ga a fim miji ya rasu, sati biyu an ɗaura wa matar aure, alhali takaba wata huɗu ce da kwana goma, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Ko a zo rabon gado a ba mata rabin gida, ita da tumuni ne rabonta in mamacin ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. Kai kana ganin ai labari ne kawai, to akwai matar da ke ƙauye da ba ta taɓa zama gaban malami ba, abin da ta gani a wayar nan shi ta ɗauka hukunci. Akwai ma hadisin da ya ce aure da saki da kome (wato mayar da matar da aka saka), gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne, wanda duk zai sa miji da matarsa na gaskiya su fito a wasa ɗaya ya kamata ya tambayi malami kafin a kunna kyamara. Sashen Islamik ɗin nan fa yana nan cikin makarantarku, tafiyar minti nawa ce?

Ku kuma ustazai, na san in kun hango su suna rihazal sai ku ɗauke kai kuna a'uziyya. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani kan kwaikwayo, wasu sun hana ɗungurungum wasu sun halatta da sharuɗɗa, cakuɗuwar maza da mata da rawa kuwa ba ni zan wanke su ba. To amma ka kama matsayarka da ilimi da ladabi mana, ba da kiran ɗan ajinku fasiƙi a guruf ɗin WhatsApp ba. Ku tuna Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai da alƙalai, mai tafsirin Alƙur'ani, shi ɗin dai ya rubuta wasannin kwaikwayo yana caccakar zalunci da cutar talaka, kuma babu wanda ya ce malantarsa ta ragu.

Sannan in faɗa muku wata gaskiya mai ɗaci, da yawanku ilimin na nan cike da ciki amma in an miƙa muku lasifika sai mutane su fara gyangyaɗi. Murya ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko kuma ihu kamar ana faɗa da makirfo. Yadda ake ajiye numfashi, inda ake sassauta murya, yadda ake tsayuwa a kalli jama'a, waɗancan da kuke rainawa darasi guda ake koya musu a kai, har da jarabawa.

A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka taso a mumbari, aka fasa. Ko kana ganin daidai aka yi ko kuskure, ni abin da na lura da shi a lokacin, kowa na magana ne daga nesa, 'yan fim na cewa malamai ba su waye ba, malamai na cewa gidan baɗala za a buɗe, wanda ya san ɓangarorin biyu da zai zauna a tsakiya ya yi ƙaranci ƙwarai. Ku da kuke hostel ɗaya, kuna cin garau-garau a kwano ɗaya, ku ne ya kamata ku zama mutanen nan. In tsarin makarantarku ya bari ka ɗauki kwas ɗaya na zaɓi a wancan sashen, in bai bari ba ka shiga ajin ka zauna a baya, da wuya lakcara ya kore ka in ka nemi izini.

Kai kuma ƙanina, na san za ka karanta wannan, don Allah hutun nan ka samu Baba bayan sallar isha'i ka faɗa masa gaskiya, in kana tsoro ka kira ni mu je tare. Shekaranjiya fa na ji yana gaya wa maƙwabcinku mai fama da gwaiwa wai ya ƙara haƙuri, saura shekara uku ka gama.