Ƙara iyakar gudu da buɗe layin gaggawa: ƙudurori biyu ne, bai dace a cusa su cikin doka ɗaya ba

A majalisun dokoki da dama, idan aka zo batun gyaran manyan hanyoyi, buƙatu biyu sukan shigo zauren a tare: a ɗaga iyakar gudun da doka ta yarda wa mota, kuma a keɓe wani layi na gaggawa wanda mai sauri zai biya kuɗi ya bi don ya tsallake cunkoso. Masu gabatar da su suna ɗaukarsu tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tunda dukansu alkawarinsu ɗaya, wato matafiyi zai isa da wuri. A ganina wannan haɗin kuskure ne. Layin gaggawa dabara ce ta rarraba hanya a lokacin da motoci suka yi mata yawa, kuma yana da amfani idan an gindaya masa sharuɗɗa masu kyau. Ƙarin iyakar gudu kuwa shawara ce a kan yawan haɗarin da al'umma ta amince ta ɗauka domin rage wasu mintuna, kuma hujjar da ke bayansa ta fi rauni fiye da yadda ake zato.

Lissafin lokacin da ake cewa za a rage ba shi da wuya. Tafiyar kilomita 100 a gudun kilomita 120 a sa'a minti 50 ce. Idan aka ƙara gudun zuwa 140, tafiyar za ta koma kimanin minti 43, ribar ke nan minti bakwai, shi ma sai idan direban bai taɓa rage gudu ba saboda tirela, ko kwana, ko aikin gyara. Abin da aka biya don samun wannan minti bakwai ya fi shi nauyi, domin ƙarfin da mota ke ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, yana ƙaruwa ne da gudun a ninka shi da kansa. Ƙarin kilomita 20 ɗin nan yana nufin ƙarin kashi 36 cikin ɗari na ƙarfin da birki zai kashe, ko kuma jikin mutum zai karɓa idan birkin bai wadatar ba. A ɗauka motoci biyu iri ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a 120 ɗaya a 140, sai direbobinsu suka taka birki a wuri guda saboda wata mota da ta mutu a gaba. A daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana nan tana gudun da ya haura kilomita 70 a sa'a. Wannan ma ba a sa daƙiƙar da direba ke ɓatawa kafin ƙafarsa ta kai ga birki ba, wadda a gudun 140 ta ishi mota ta ci kusan mita 39. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa haɗuran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, take maimaita cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ke kai ga mutuwa da kusan kashi 4.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu, cewa idan motoci suka ƙara gudu hanya za ta riƙa kwashe su da sauri, cunkoso ya ragu. Injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin ba haka ba ne. Direba mai hankali yakan bar tazarar kusan daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa, kuma muddin haka ne, layi guda zai wuce da motoci wajen 1,800 zuwa 2,000 a sa'a, ko suna gudun 90 ko suna gudun 140, domin duk ƙarin gudu yana zuwa da ƙarin tazara. Allon iyakar gudu yana aiki ne a kan hanyar da ta buɗe, a lokacin da ba kowa. Mutumin da ya maƙale a bakin gari da ƙarfe takwas na safe ba zai amfana da komai ba don an canza lambar da ke jikin allon.

Amurka ce ta fi kowa gwada wannan muhawara a aikace. A farkon 1974, a tsakiyar rikicin man fetur, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 a sa'a, kimanin kilomita 89, a faɗin ƙasar. Manufar ita ce tsimin mai, amma mace-macen hanya sun sauko daga kimanin 54,000 a 1973 zuwa kimanin 45,000 a 1974, duk da cewa wani ɓangare na raguwar ya samo asali ne daga rage tafiye-tafiye da mutane suka yi. A 1987 aka sassauta zuwa mil 65 a manyan hanyoyin karkara, a 1995 kuma aka soke dokar tarayyar gaba ɗaya aka bar wa jihohi. Cibiyar IIHS, mai binciken kiyaye haɗuran hanya a Amurka, ta yi nazarin shekaru 25 daga 1993 zuwa 2017, ta ƙiyasta cewa ƙarin iyakar gudun da jihohi suka yi ta yi ya jawo mutuwar ƙarin kusan mutum 37,000 fiye da yadda za a samu da ba a ƙara ba. Kamfanonin inshora ne ke ɗaukar nauyin cibiyar, kuma masu adawa ba sa mantawa da faɗin haka, sai dai alkiblar sakamakonta ta yi daidai da abin da aka gani a wasu ƙasashen da suka ɗaga ko suka sauke iyaka.

Bai kamata a raina masu neman ƙarin ba, domin suna da hujjojin da suka tsaya da ƙafafunsu. Suna cewa motocin yau sun fi na 1974 birki da taya da ƙarfin jiki, kuma gaskiya ne yawan mace-mace a kowace tafiyar mil ya ci gaba da raguwa a Amurka har bayan 1995. Suna cewa dokar da yawancin direbobi ke karyawa kullum tana zubar da mutuncin doka ne kawai, tana kuma ba jami'in hanya damar zaɓar wanda zai kama. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce bambancin gudu: idan wasu suna bin allo wasu suna bin abin da hanya ta ba su, wuce juna da sauya layi sukan yawaita, kuma a nan haɗari ke fitowa. Daga wannan tunani ne aka samo tsohuwar ƙa'idar nan ta auna gudun motoci a hanyar da ba cunkoso, a sa iyaka a inda kashi 85 cikin ɗari na direbobi ba sa wucewa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan aka ɗaga iyaka, direbobi sukan ƙara gudu, bayan 'yan shekaru a sake aunawa a ga kashi 85 ɗin ya matsa sama, sai a sake ɗagawa. Hukumar binciken haɗuran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ba da shawara a 2017 cewa a daina dogaro da wannan ma'auni shi kaɗai. Ingancin mota kuwa riba ce da aka samu, kuma al'umma tana iya ajiye ta a matsayin rayukan da aka ceta, ko ta kashe ta a kan gudu. Zaɓi ne, ba tilas ba.

Da zarar muhawara ta yi zafi sai wani ya ambaci Jamus, inda kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan hanyoyin Autobahn ba su da iyakar gudu ta dindindin, kuma duk da haka sun fi hanyoyin karkarar ƙasar aminci. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne tsarin da ke riƙe da wannan 'yanci. Tun 1978 akwai gudun da aka shawarta na kilomita 130, kuma wanda ya wuce shi ya yi haɗari kotu tana iya ɗora masa wani kaso na asara ko da ba shi ya jawo ba. Manyan motocin kaya ba sa wuce 80. Wuce mota ta hannun dama laifi ne, ana duba lafiyar mota duk shekara biyu, lasisi kuma ba ya samuwa sai an bi ta makarantar koyon tuƙi mai tsanani. Hanyar ita kanta tana da shingen tsakiya da faffaɗar kafaɗa, ba mai tsallakawa da ƙafa, ba mahaɗa. Ɗan majalisar da ke son lambar Jamus ba tare da waɗannan ba, ya ɗauki ɓangaren da ba ya cin kuɗi ne ya bar wanda ke ci. A Holan kuma, wadda ta ɗaga iyakarta zuwa 130 a 2012, dole ta sa aka sauke ta zuwa 100 da rana a watan Maris na 2020 saboda gurɓatar iska, abin da ke tunatar da mu cewa gudu yana shan mai, hayaƙinsa kuma yana shafar waɗanda ba su shiga motar ba.

Layin gaggawa labarinsa daban ne. Hikimarsa ita ce kuɗin wucewa yana hawa idan motoci suka fara yawa, yana sauka idan sun ragu, ta yadda layin ba zai taɓa cika har ya tsaya ba. Wannan yana magance matsalar da faɗaɗa hanya ta kasa magancewa. Birnin Houston ya kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa hanyar Katy, aka kammala a 2008, amma cikin 'yan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo, domin sabon fili kyauta yana jawo sababbin tafiye-tafiye har sai ya cika. Masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka yawan tafiyar mota yana ƙaruwa kusan daidai da ƙarin hanyar da aka gina. Farashi ne kaɗai aka ga yana hana layi cika, kuma Singafo tana amfani da shi tun 1975. Abin da layin gaggawa ke sayarwa a haƙiƙa shi ne tabbacin lokacin isa, wanda mai zuwa kama jirgi, ko mai gyaran famfo da ke da aiki huɗu a yini, ko motar asibiti, ke buƙata fiye da gudun wuce sa'a.

Zargin da ake yi masa na cewa layin masu hannu da shuni ne yana da tushe. A watan Disamba na 2017, da aka fara karɓar kuɗi a hanyar I-66 da ke shiga Washington, kuɗin tafiyar da ba ta wuce kilomita 16 ba ya kai dala 40 a wata safiya, mutane suka yi ca. Sai dai wanda ya ɗauki fasinja yana wucewa kyauta a lokacin, kuma kafin nan galibi ba a yarda direba shi kaɗai ya bi hanyar a wannan sa'a ba. Adalcin tsarin ya dogara ne a kan tambayoyin da doka za ta iya amsawa a rubuce: shin sabon layi za a gina ko za a ƙwace ɗaya daga cikin na kowa, shin motocin bas da masu ɗauke da mutane da yawa za su bi kyauta, kuma ina kuɗin zai tafi. Idan bas mai ɗauke da mutum hamsin tana bin layin ba tare da biya ba, kuɗin da mai ƙaramar mota ya biya kuma yana ƙara yawan bas ɗin, to talaka ma ya samu rabonsa. Idan kuwa kuɗin yana zarcewa aljihun ɗan kwangila ne na shekara hamsin, zargin ya tabbata.

A kan kwangilar ne nake ganin 'yan majalisa suka fi yin sakaci, suna ta cacar baki kan lamba alhali sharuɗɗan da za su ɗaure jikokinsu suna wucewa ba a karanta ba. Layin gaggawa na hanya mai lamba 91 a Kalifoniya, wanda aka buɗe a Disamba 1995, wani kamfani ne ya gina shi, kuma yarjejeniyar ta hana hukuma faɗaɗa layukan kyauta da ke gefensa don kada ciniki ya ragu. Da cunkoso da haɗura suka tsananta, sai da hukumar sufuri ta gundumar Orange ta sayi layin a 2003 a kan dala miliyan 207.5 kafin ta samu ikon gyara hanyar da tun asali ta jama'a ce.

Misalin da ya fi nuna illar haɗa buƙatun biyu yana Teksas. A 2012 aka buɗe wani sashe na hanyar biya mai lamba 130, mai tsawon kimanin kilomita 66 tsakanin yankin Austin da San Antonio, aka sa masa iyakar mil 85 a sa'a, wato kusan kilomita 137, mafi girma a Amurka. Yarjejeniyar da jihar ta ƙulla da kamfanin da ya gina shi ta tanadi cewa kuɗin da jihar za ta karɓa zai ƙaru gwargwadon iyakar da aka amince da ita, kuma mil 85 ɗin ya kawo mata dala miliyan 100. Ko da injiniyoyi sun tabbatar hanyar za ta iya ɗauka, hukumar da ke da alhakin kare rayuka bai kamata ta zama mai cin riba daga amsar da za ta bayar ba. Gudun ma bai jawo motocin da aka yi hasashe ba, kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2016.

Saboda haka, idan ƙudurin ya zo gaban majalisa, abin da ya dace shi ne a raba shi gida biyu a kaɗa ƙuri'a daban-daban. A ɓangaren gudu, majalisa ta sa rufin da ba za a wuce ba, ta bar wa injiniyoyi su tantance sashe-sashe, kuma kada a ɗaga iyaka a wurin da babu shingen tsakiya, ko kyamarorin auna gudu, ko motar agaji da za ta iso cikin lokaci. A kuma rubuta cewa bayan shekara biyu ko uku za a wallafa alƙaluman haɗura na sashen, idan sun ƙaru iyakar ta koma yadda take ba sai an sake zama ba. A ɓangaren layin gaggawa, a haramta duk sharaɗin da zai hana gyara layukan kyauta, a kuma hana ba layin biya iyakar gudun da ta zarce ta maƙwabtansa da yawa matuƙar sandunan roba ko fenti ne kawai ya raba su, domin wurin shiga da fita shi ne inda motar da ke gudun 120 ke haɗuwa da wadda ke rarrafe a 30.