Ku bar fitilun Kirsimeti a kunne, ku kawo mana sunayen mamatanmu

Tun shigowar watan Disamba wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na unguwarmu a Jos, kuma sau uku ke nan ana turo mini shi. Mai maganar, da murya irin ta masu wa'azi, yana kira ga jama'a su ƙaurace wa duk inda aka yi ado da fitilun Kirsimeti. Wai garin da ake binne mutane kusan kowane mako ba shi da bakin yin kwalliya, kuma duk wanda ya kwashi iyalinsa zuwa kallon fitilu ya ci amanar waɗanda aka kashe. Wannan kalma ta cin amana ce ta tsaya mini a rai, domin cikin waɗanda ya jefa da ita har da mahaifiyata.

Shekara shida ke nan da yayana ya rasu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Shi ne mai kai Mama kallon fitilu tun yana ɗan makaranta. Kirsimetin farko bayan rasuwarsa ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. A na biyu, wata ranar Alhamis da magariba ta ɗauro zanen Zumuntar Mata, ta ɗora rigar sanyi a kai, ta ce mini, "Auta, nemo mana Keke." Muka sauka a shataletalen da suka saba zuwa. Hazo ya sauko, sanyin Jos yana shiga har ƙashi, yara na ta guje-guje da balan-balan, mai suya yana fifita gawayi. Mama ta wuce duk wannan ta je ta tsaya jikin wata falwaya, ta dafa ta, ta ce, "Nan yake sa ni in tsaya ya ɗauke ni hoto." Ta yi kukanta mai isarta, babu wanda ya waiwayo, domin hasken da ke walƙiya ja da kore yana ɓoye hawaye fiye da duhun ɗaki. Da ta gama ta share fuska da bakin zane ta ce in sayo mata tsire na ɗari biyar, irin wanda yake saya mata. A daren nan ne karo na farko da na ji ta ambaci sunansa ba tare da muryarta ta sarƙe ba. Tun daga lokacin ba mu fasa zuwa ba, kuma na lura ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya iya kallon fuskoki zai ga tsofaffi da zawarawa tsaye a gefe, ba sa rawa, ba sa ɗaukar hoto, suna kallon wuri ɗaya.

Ba na buƙatar wani ya tuna mini cewa Disamba watan jini ne a wannan yanki. A jajibirin Kirsimetin 2010 bama-bamai suka tashi a Unguwar Rukuba da Kabong, mutane na tsakiyar cefanen biki. Ranar Kirsimetin 2011 aka kai hari cocin St. Theresa da ke Madalla a jihar Neja, daidai lokacin da ake fitowa daga sujada, kimanin mutum 40 suka mutu. A 2023 kuwa, daga 23 zuwa 25 ga wata, 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi suka hallaka kusan mutum 200. Kowane gida a Filato yana da wanda ya sani a cikin waɗannan alƙaluma.

To amma mai saƙon ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa maharan suke zaɓen waɗannan ranaku? Shekara tana da kwana 365. Sun zaɓi daren da 'yan birni suka koma ƙauye, daren da aka yanka akuya aka ɗora tukunya, don su mayar da ranar farin ciki ranar fargaba har abada. Abin da suke so shi ne gari ya yi duhu, kowa ya kulle ƙofarsa da la'asar. Idan muka kashe fitilun da hannunmu, mun ƙarasa musu aikin da suka fara ke nan, kuma kyauta. An bar jaki ana dukan taiki: wanda ya ɗauki bindiga yana yawonsa, an zo ana tuhumar tsohuwar da ta je kallon ƙwan lantarki. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tun rikicin Satumbar 2001 garin nan ya rabe, akwai unguwannin da Musulmi ba ya kwana, akwai waɗanda Kirista ba ya shiga bayan faɗuwar rana. Wuraren fitilun nan suna cikin 'yan tsirarun filayen da za ka ga yarinya da hijabi da yaro da hular Kirsimeti suna layin mai hoto ɗaya. A rufe wannan ma?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai maganar ya jingina kiransa da addini, alhali labarin haihuwar Yesu Almasihu kansa da makoki a cikinsa. Sura ta biyu ta Bisharar Matiyu, wadda ta ba da labarin tauraro da masanan da suka zo daga gabas, ita ce ta ba da labarin yadda sarki Hirudus ya sa aka karkashe yara maza a Baitalami, da kukan Rahila da ta ƙi ta'azantuwa. Ikilisiyoyin Katolika da Angilika suna tunawa da Istifanus, shahidi na farko, washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, sannan 28 ga wata su tuna da waɗancan jarirai. Magabata ba su ga saɓani tsakanin kunna kyandir da zubar da hawaye ba. A ƙasar Finlan har yau iyalai maƙabarta suke nufa a jajibirin Kirsimeti, su jera kyandirori a kan kaburburan iyayensu cikin dusar ƙanƙara, sannan su koma gida cin abinci. Ɗan'uwana Musulmi ma ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba: Sallar farko bayan rasuwar uba, ana sa sabon kaya, ana zuwa Idi, amma idon kowa yana kan tabarmar da babu mai ita. Babu wanda yake cewa a fasa Sallar Idi don a nuna an damu da mamaci.

Mai saƙon ya kafa hujja da Baitalami, inda aka fasa kafa bishiyar Kirsimeti a dandalin garin a 2023 da 2024 saboda yaƙin Gaza. Gaskiya ne. Amma mutanen garin da shugabannin ikilisiyoyinsu ne suka yanke wa kansu wannan shawara, ba wani ne ya aiko musu da saƙon gori ba. Kuma ba su ɓoye bikin ba: cocin Lutheran da ke garin ya kwantar da siffar jariri Yesu a cikin ɓaraguzan gini, wato sun shigo da mamatansu tsakiyar bikin. A Disambar 2025 kuma suka sake kunna bishiyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai makoki shi zai faɗi yadda zai yi makokinsa.

Masu cewa almubazzaranci ne, a sayi shinkafa da kuɗin, su je su duba: igiyar ƙananan fitilun zamani guda ɗari ba ta shan wutar da tsohon ƙwan ɗaki ɗaya ke sha, kuma ba kuɗin ado ne ya hana marayu abinci a ƙasar nan ba.

Idan fushi ake so a yi, ga inda ya dace a kai shi. Ku je ƙarƙashin fitilun nan ku karanta abin da aka rubuta. Sunan kamfanin da ya ɗauki nauyi ne, da ƙaton hoton ɗan siyasa yana murmushi yana taya mu murna, da lasifika mai tsaga kunne har tsakar dare. Wannan shi ne rashin kunyar. Mutanen da aka kashe a Unguwar Rukuba da Bokkos an mayar da su lissafi, lissafin ma ba a daidaita a kansa ba: bayan harin 2010 'yan sanda suka ce 32, hukumar agajin gaggawa ta ce 80. Mutum 48 ne tsakanin maganar hukuma ɗaya da ta ɗaya, kowannensu da uwar da ta haife shi. A Berlin ta ƙasar Jamus, inda wani ya kutsa da babbar mota cikin kasuwar Kirsimeti ranar 19 ga Disambar 2016 ya kashe mutum 12, ba a tashi kasuwar ba. Har yau tana ci da fitilunta, amma an sassaƙa sunan kowane mamaci a matakalar cocin da ke wurin, kuma duk ranar da abin ya zagayo ana kaɗa ƙararrawa a tsaya shiru. Mu kuwa sai ta'aziyya a takarda, da kwamitin bincike, da ihu bayan hari, sannan a kafa allon hoton mai girma.

Ba abu mai wuya nake nema ba. A sauke hoton ɗan siyasa ɗaya a kafa allon sunaye a gurbinsa, na Kirista da na Musulmi a jere. A kashe lasifika na minti goma a daren 24 ga wata. A bar wa mutane wani lungu da za su ajiye kyandir ko su rubuta sunan wanda suka rasa, ko da ciwo ne ya ɗauke shi ko haɗarin mota. Ikilisiyoyi da masallatan unguwa suna da waɗannan sunaye a hannu, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Shi kuwa saƙon, na mayar wa wanda ya turo mini amsa cewa kada ya kuskura ya tura wa Mama. Ta riga ta wanke rigar sanyinta, ta kuma ce in gaya wa mai Keken da ya kai mu bara ya zo ranar Alhamis bayan magariba.